Matsalolin Man Dizal a Taraktoci Lokacin Sanyi da Hanyoyin Magance Su

A kowace shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a cikin watan Nuwamba, sai harkar noman rani ta kankama a wurare irin su Kadawa a Jihar Kano, da kwarin Haɗejiya a Jihar Jigawa, da Bakolori a Jihar Zamfara, da kuma Daɗin Kowa a Jihar Gombe. A wannan lokaci ne ake rububin taraktoci domin kaftu da haro, musamman a gonakin alkama, wadda ake son a gama shuka ta tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba. Alkamar da aka makara wajen shuka ta, zafin watan Maris kan riske ta tun ƙwayarta ba ta gama cika ba, yabanya kuma ta ragu.

To sai dai a daidai wannan lokaci ne masu taraktoci suka fi kokawa da ƙin tashin inji da sassafe, ko kuma ya tashi ya yi ɗan aiki ya mutu a tsakiyar gona. Ga mai bayar da hayar tarakta, musamman wanda ya saye ta da bashin banki, kowace safiya da aka ɓata ana fama da inji hasara ce ta kuɗin shiga, ga kuma manoman da suka riga suka biya kafin alƙalami suna jira a bakin gona. Abin da ya fi wannan muni shi ne, sau da yawa akan yi gaggawar kwance injekta a kai ta birni gyara da kuɗi masu yawa, alhali kuwa laifin na filta ne ko na wani tiyo da ya tsage. Saboda haka yana da kyau mai dukiya ya san yadda al'amarin yake, ko da ba shi ne zai riƙe sifana ba.

Yadda Injin Dizal Ke Tashi

Injin dizal, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala ƙera na farko mai aiki a garin Augsburg a shekarar 1897, ba shi da fulogin da ke tartsatsin wuta irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 20 na girmanta, wannan matsi kuwa yakan sa zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Selshiyas. A daidai nan ne nozil ke fesa man dizal, wanda aka fi sani da gas, kamar feshin turare, sai ya kama da wuta da kansa.

Ke nan abubuwa uku ne dole su haɗu kafin inji ya tashi: mai mai tsabta da ya iso a kan kari, da iska wadatacciya, da kuma juyawar inji da saurin da zai haifar da zafi. Sanyi kuwa yana taɓa dukkansu. Ƙarfen silinda mai sanyi yana zuƙe zafin iskar da aka matse, baƙin mai yana yin kauri ya riƙe inji, batir yana rage ƙarfi, shi kansa dizal ɗin kuma yana ƙara nauyi. Injin da ke da ɗan rauni a ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana iya yin aiki lafiya lau a watan Afrilu, amma asirinsa ya tonu a safiyar Janairu.

Barcin Mai a Ƙasashen Ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa ganin yadda manja ko man kaɗanya ke yin barci a lokacin hunturu, ya ga kwatankwacin abin da ke samun dizal a ƙasashen Turai da Rasha da Kanada da arewacin Amurka. A cikin dizal akwai kaki irin na kyandir, wanda yake narke a lokacin ɗumi. Idan sanyi ya kai wani mataki, sai kakin ya fara fitowa ƙanana-ƙanana, man ya yi dishi-dishi kamar an zuba masa madara. Idan sanyin ya ƙaru, sai kakin ya taru ya toshe filta, injin ya rasa mai ko da tanki cike yake. A mataki na ƙarshe man kan daskare gaba ɗaya, ya ƙi zuba ko an karkata jarka.

Wannan ne ya sa waɗancan ƙasashe suke sauya irin man da ake sayarwa gwargwadon yanayi. Ƙa'idar dizal ta Turai mai lamba EN 590, wadda aka kafa a 1993, ta kasa mai zuwa aji shida ga ƙasashe masu matsakaicin sanyi, tun daga wanda ke wuce filta a digiri 5 sama da sifiri har zuwa mai jure digiri 20 ƙasa da sifiri. Ga yankunan da suka fi tsananin sanyi kuma akwai wasu azuzuwan da ke kaiwa digiri 44 ƙasa da sifiri. A Jamus, alal misali, daga 16 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu man hunturu ake sayarwa a gidajen mai. A Amurka kuwa akan gauraya dizal mai lamba 2, wanda aka saba amfani da shi, da mai lamba 1, wanda ya fi kusa da kananzir.

Manomin can da ya fi shiga matsala shi ne wanda ya cika tankin gonarsa da man bazara, sanyi ya same shi bai ƙarar da shi ba. Maganin da suka saba yi shi ne shigar da taraktar rumfa mai ɗumi, da canja filta, da jona na'urar ɗumama inji da wutar lantarki. Akwai kuma ruwan magani da ake zubawa a tanki domin hana kakin dunƙulewa, amma sai an zuba shi tun man bai fara dishi-dishi ba yake yin amfani.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya

A ƙasar nan, hatta a Jos da tsaunin Mambila inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10 a wasu darare, da wuya dizal na ƙwarai ya yi barci. Don haka mai tarakta ba ya bukatar ɓarnatar da kuɗi wajen sayen maganin hana daskarewa, ko zuba kananzir a tanki da sunan tsinka mai. Man da kan yi kauri a irin sanyinmu shi ne wanda aka yi wa algus da mai mai nauyi, ko wanda aka tace ta haramtacciyar hanya a dazuzzukan Neja Delta, ko kuma wanda aka gauraya da man tsirrai. Dizal ɗin da ake yi da manja zalla, irin wanda Indunisiya ke gaurayawa da nata mai, yakan fara yin dishi-dishi tun a wajen digiri 13 zuwa 16, wato daidai sanyin asubahin Kano a watan Janairu.

Abubuwan da suka fi addabar taraktocinmu a hunturu su ne ruwa da dauɗa a cikin mai, da shigar iska cikin bututun mai, da ƙura, da kuma raunin batir. Iskar hunturu busasshiya ce, saboda haka yawancin ruwan da ake tararwa a tanki tun damina ya taru, ko kuma daga duro da tankunan ƙasa na masu sayarwa ya fito. Taraktar da aka ajiye tun bayan huɗar watan Yuli da rabin tanki, iska mai laima ta yi ta shiga tana zama raɓa a jikin ƙarfe. Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka a gindin tanki yake kwanciya, inda bakin bututu yake. A mahaɗar ruwan da man kuma wasu ƙwayoyin halitta kan hayayyafa su zama baƙar yauƙi, wadda ke toshe filta da zarar tarakta ta fara jijjiga a gona.

Ita kuwa ƙurar hunturu, wadda akasarinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, ta fi gari laushi. Tana toshe matatar iska, tana shiga mai a lokacin ɗurawa, idan kuma ta sami hanyar shiga silinda sai ta cinye ringi sannu a hankali, matsin inji ya ragu.

Bin Sawun Matsala Daki-Daki

Ƙa'idar da ƙwararrun makanikai ke bi ita ce a fara da abu mai sauƙi da araha, sannan a matsa zuwa mai wuya da tsada.

Da farko a saurari yadda kik ke juya inji. Idan yana juyawa da ƙyar, ko ƙara kawai ake ji, to ba maganar mai ba ce tukuna. A duba kawunan batir ko sun yi gishiri ko sun saki, a duba wayar da ke haɗe da jikin tarakta, a kuma auna cajin batir. Baƙin mai mai kauri ɗaya, irin mai lamba 40, yakan riƙe inji da safe fiye da mai lamba 15W-40 wanda yawancin masu ƙera taraktoci ke ba da shawarar amfani da shi. Kada a riƙe makulli ana juya inji fiye da daƙiƙa 15 zuwa 20 a lokaci guda. A bari kik ya huta kamar minti biyu, don kada ya ƙone.

Idan inji na juyawa sosai, sai a dubi bakin salansa. Rashin hayaƙi sam alama ce ta cewa mai ba ya isa silinda. A nan sai a tabbatar akwai mai a tanki, famfon ƙasan tanki a buɗe yake, an kuma mayar da sandar kashe inji wurinta. A taraktocin da ake kashewa da makulli, akwai wata 'yar na'ura ta lantarki a jikin injekta wadda ke buɗe hanyar mai. Idan ba a ji ɗan ƙaranta ba lokacin da aka murɗa makulli, to a duba wayarta da fis.

Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nuna cewa mai yana isa, amma zafin da zai kunna shi bai wadatar ba. Wanda za a fara tuhuma a nan shi ne hita. Taraktocin Massey Ferguson masu injin Perkins, waɗanda suka fi yawa a hannun manomanmu, da dama daga cikinsu suna da wata na'ura a bututun shigar iska wadda ke ɗiga mai a kan waya mai zafi, ya kama da wuta ya ɗumama iskar. Akan riƙe makulli a matsayin ɗumamawa kamar daƙiƙa 15 kafin a tayar. Idan an yi haka aka taɓa bututun aka ji shi da sanyi, to na'urar ta mutu ko wuta ba ta zuwa mata, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Direbobi da yawa ma ba su san tana nan ba. Idan hita lafiya take amma farin hayaƙin bai daina ba, sai a auna matsin silinda da tazarar bawul, a kuma gwada feshin nozil.

Baƙin hayaƙi tare da rashin ƙarfi galibi ƙarancin iska ne, wato matatar iska ta toshe. Mai launin shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, alamar ringi ya ci.

Akwai kuma injin da zai tashi ya yi daƙiƙa kaɗan ko mintoci ya mutu. Wannan yunwar mai ce. A fara da kwance murfin tanki: idan aka ji ya ja iska, to ƙura ta toshe 'yar kafar numfashin da ke jikinsa, man kuma ba zai sauka ba. Daga nan a duba kwalbar da ke tara ruwa a ƙasan filta, a zubar da abin da ya kwanta a cikin kwalba mai haske, a ajiye ta minti goma. Idan ruwa ya ware a ƙasa, ko aka ga baƙar yauƙi, to wajibi ne a juye tankin a wanke shi, domin sabuwar filta ma ba za ta daɗe ba za ta toshe. A kuma duba 'yar ragar da ke bakin bututu a cikin tanki da wadda ke cikin ƙaramin famfon da ke jawo mai.

Idan kuwa da safe ne kawai tarakta ke wahalar tashi, amma ta wuni tana aiki lafiya, to mai yiwuwa iska ce ke shiga da dare. Sanyi da bushewar hunturu suna sa tsofaffin tiyo da robobin filta su ƙanƙance su tsage. Irin wannan tsaga ba lallai ta zubar da mai a gani ba, amma tana barin iska ta shiga, man ya koma tanki. Hanya mai sauƙi ta ganowa ita ce a sa guntun tiyo mai haske kafin injekta, a ga ko kumfa na wucewa.

Fitar da Iska

Duk lokacin da aka canja filta, ko mai ya ƙare a tanki, sai an fitar da iska kafin inji ya tashi. A tsofaffin taraktoci akan sassauta notin da ke saman filta, a yi ta danna hannun ƙaramin famfo har mai ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure. Idan hannun famfon ya yi sako-sako ba ya jan mai, a ɗan juya inji kaɗan a sake gwadawa. Daga nan a yi haka ga notocin da ke jikin injekta. A ƙarshe a sassauta notin bututu ɗaya ko biyu a bakin nozil, a juya inji har mai ya fara tsartuwa, a ɗaure, a tayar.

Amma fa wannan mataki na ƙarshe bai halatta ba a sababbin injuna masu kwamfuta, waɗanda ke tara mai a bututu guda su raba wa nozil. A tsohon inji matsin man bai wuce ninki 200 zuwa 'yan ɗaruruwa na matsin iskar da muke shaƙa ba, a sabo kuwa yana kaiwa ninki 1,600 zuwa 2,000. Man da ya tsarto da irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shiga nama, har ya kai ga yanke yatsa ko hannu idan ba a gaggauta zuwa asibiti ba. Ko a tsohon inji, ba a laluben yoyo da hannu; da guntun kwali ake yi.

Dabarun da Ke Jawo Hasara

Akwai wasu dabaru da suka zama jiki a tsakanin direbobi, waɗanda suke tayar da inji a yau su kashe shi gobe. Na farko shi ne jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin shigar iska. Fetur yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, bugun da yake yi kuwa yana karya ringi, idan kuma hita na kunne yana iya fashewa a fuskar mai riƙe da tsumman. Haka abin yake ga gwangwanin feshin tayar da inji idan aka haɗa shi da hita.

Na biyu shi ne hura wuta a ƙarƙashin inji ko tanki. Na uku, zuba fetur ko kananzir a cikin dizal. Dizal shi ne ke shafe sassan cikin injekta da maiƙonsa, kananzir kuwa ba shi da wannan maiƙo sosai, fetur ma balle. Bugu da ƙari, dizal ba ya fitar da tururi mai kamawa da wuta sai ya haura digiri 55, alhali fetur na fitarwa ko a cikin ƙanƙara, don haka gaurayensu na mayar da tanki abin tsoro.

Na huɗu shi ne cire filta ko huda ta don mai ya wuce. Filtar sababbin injuna tana tare dauɗar da ba ta wuce maikuron 2 zuwa 5 ba, alhali kaurin gashin mutum ya kai wajen maikuron 70. Abin da ido bai gani ba shi ke cinye nozil. Na biyar, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne tsayawa a ƙasa a haɗa wayoyin kik da sukundireba. Idan tarakta na cikin giya, tana tashi za ta bi ta kan mutum. A kan kujera ake tayar da tarakta, giya na firi, an kuma taka kuloci.

Saye da Ajiyar Mai

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa matsakaicin farashin litar dizal bai kai Naira 300 ba a watan Janairun 2022, amma ya haura Naira 800 a Disambar wannan shekara, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, sannan ya zarce Naira 1,000 a ƙarshen 2023, kafin matatar Ɗangote ta fara fitar da dizal a 2024. Irin wannan tsada ce ke tura wasu zuwa wurin 'yan bumburutu. Sai dai araha ba ta ado: ragin da aka samu a kan duro guda ba zai biya gyaran injekta da nozil ba, balle kwanakin aikin da za a rasa. Ya fi dacewa a riƙa saye daga gidan mai ko dillali mai lasisin hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ɗora wa alhakin sa ido kan ingancin mai, a kuma riƙa karɓar rasit.

Duron da aka kawo gona a bar shi ya kwana ba a motsa shi ba, domin ruwa da dauɗa su kwanta, kuma kada bakin famfo ya taɓa gindinsa. A ajiye shi a inuwa, a rufe, a ɗan karkace yadda ruwa ba zai taru a kan murfi ba. Kada a zuba dizal a mazubin da aka shafe da tutiya, irin ƙarfen kwanon rufi, domin yana narkar da ita ta je ta toshe nozil. A cika tankin tarakta da yamma bayan an tashi aiki, a zubar da ruwan kwalba kowace safiya, a kuma duba matatar iska kullum muddin ana hazo. Mai amfani da mai a cikin kwano a wanke ta a sauya man. Ta takarda kuwa ba a wanke ta, ba a kuma buga ta da ƙasa.

Ga 'yan kasuwa masu shigo da taraktoci, akwai abin lura. Nijeriya ta daɗe tana amfani da injunan ƙasashen sanyi, tun daga Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi da Fiat a Kano, har zuwa taraktoci 2,000 na ƙasar Belarus da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a watan Yunin 2025. Na'urorin ɗumama tanki da inji da ake yi domin ƙanƙara ba su ne bukatarmu ba. Abin da ya kamata mai saye ya nema shi ne filta biyu tare da mai raba ruwa, da matatar iska mai jure ƙura, da hita mai aiki, da kuma tabbacin samun kayan gyara a kusa. Taraktocin Turai na hannu da aka ƙera a 'yan shekarun nan an tsara su ne domin man da sinadarin kibiritunsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, saboda haka sai an yi nazari kafin a kai su ƙauyen da ba a da tabbacin irin man da za su sha.

Daga ƙarshe, mai tarakta zai taimaki kansa idan ya yi babban sabis a watan Oktoba, kafin a fara rububin aiki: a wanke tanki, a sauya filtoci da tsofaffin tiyo, a gwada batir da hita, a kuma tanadi filta biyu ko uku a akwatin direba. Ya kuma buɗe littafin da za a riƙa rubuta awoyin aiki, da litar man da aka sha, da wurin da aka saye shi, da ranar da aka canja kowace filta. Da wannan littafi ne zai gane dillalin da ke kawo masa gurɓataccen mai, da direban da ke kula da amanar da aka ba shi.